Saƙon da ke Tsayawa a Raga

Aikinsa shi ne ya hana duk abin da ba ruwa ba shiga inji. A inda ma'aikatar ruwa ke zuƙo wa gari ruwan sha, an gina wani babban baki na siminti a gefen kogi, aka tare shi da ragar ƙarfe. Duk abin da ruwa ya kwaso ta wannan gefen, nan yake zuwa ya manne. Kowace safiya yakan sa dogon takalmin roba, ya tsaya a dakalin da ke saman ragar, ya zura manjagara mai doguwar ƙota ya riƙa jawowa: kainuwa, leda, gorunan roba, takalmi wari ɗaya, wani lokaci mushen akuya. Ya loda a baro, ya tura bayan katanga ya juye. Tun yana saurayi yake wannan aiki, har sunansa ya ɓace a ma'aikatar. Kowa Manjagara yake ce masa.

Akwai kuma kayan masu bautar Uwar Ruwa. Can sama da ma'aikatar, gaban gada, akwai wata tsohuwar matakala da ta gangara cikin kogin. Nan mata ke taruwa duk mako sanye da fararen kaya, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Kowace takan ƙulle abin da aka ce Uwar Ruwa tana so a farin ƙyalle, madubi ko mataji ko turare ko hoda, ta sa a 'yar ƙwarya ta tura. In ƙwaryar ta wuce ƙarƙashin gada ta ɓace wa ido, an karɓa. In ta juyo ta dawo bakin matakala, an ƙi. Waɗanda aka karɓa ɗin, washegari sukan iso raga.

Maigadin ma'aikatar, wani tsoho da ake kira Sarkin Barci, ba ya rasa zuwa kallon wannan kaya.

"Manjagara, yau me amaryar taka ta aiko?" Sai ya tsuguna ya kwance ƙulli, ya shinshina kwalba. "Kai, wannan mai tsada ne. Na uwar yarana ne wannan. Ita fa har yau ta ɗauka kanti nake shiga."

"Wata rana za ta biyo kayanta," in ji Manjagara.

"Ta zo mana. In ta ga haƙorana da kanta za ta koma."

Wannan kafin abin da ya sami Tilo ke nan. Tilo suke ce wa 'yarsu, don ita kaɗai Allah ya ba su. Tana koyon ɗinki a ƙetaren kogi, kullum sai ta haye a kwale-kwale. Daminar bara jirgin ya kife a tsakiyar ruwa. An tsamo wasu da rai, an tsamo wasu babu rai, ita ba a gan ta ba.

Bai daɗe a gida ba ya koma aiki. Mutane suka ce yana da tauri. Shi dai ya san ba tauri ba ne. Ya yi ta jiran abin ya zo masa, kukan ko ihun ko mene ne, bai zo ba. Abu ɗaya ne ya sauya: duk lokacin da manjagara ta kama abu mai nauyi, sai ya tsaya ya dubi hannuwansa tukuna, sannan ya ja. Kullum buhu ne, ko kututture. Da damina ta wuce sai tsayawar ma ta zama cikin aiki, kamar sa takalmi.

Maman Tilo kuwa kwanciya ta yi ta juya fuska bango. Ba ta ci sai an matsa mata. A da ita ce mai yi wa matan matakala dariya, tana cewa sun rasa inda za su kai turarensu. Wata maƙwabciya ce ta ja ta wurin shugabar matan, wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo. Goggo ta ce mata wanda ruwa ya mayar shi ne ya mutu, wanda bai mayar ba yana gidan Uwar Ruwa. Ta ce Tilo tana can tana yi wa Uwa ɗinki, kuma saƙo yana isa gare ta.

Ranar Maman Tilo ta dawo gida ta share ɗaki, ta ɗora tukunya. Manjagara ya shigo ya tarar da ita tana cin abinci a tsaye. Bai tambaye ta komai ba.

Saƙonta ba ya ɓoyuwa. Tilo ta bar wata jaka cike da ragowar ƙyallayen ɗinki, da su uwar ke ɗaure bakin kowane ƙulli, don 'yar ta gane daga gida yake. Karon farko da ya ga ƙyallen a haƙoran manjagara, shuɗi mai ɗigon fari, ya riga Sarkin Barci kai hannu.

"A'a, yau kuma rowa?"

"Wannan ba naka ba ne."

Tsohon ya dubi ƙyallen, ya dubi fuskarsa, ya miƙe ya koma ƙofa. Tun daga ranar bai ƙara taɓa mai ƙyalle mai launi ba. Manjagara ya sami wani tsohon bokitin fenti a sito, bayan buhunan maganin ruwa, ya riƙa tarawa a ciki. Ba ya kwancewa. Ya riga ya ga abin da ke ciki a gida, sa'ad da take ƙullewa.

"An karɓa, Baban Tilo," takan ce in ta dawo daga matakala. "Ƙwaryar ko waiwaye ba ta yi ba."

"Madalla."

Yakan yi wa kansa lissafin abin a kan dakali, yana ja yana juyewa. Bai yi mata ƙarya ba. Ba ta taɓa tambayarsa ina ƙwaryar ke zuwa ba, shi kuma bai faɗa ba. Wani lokaci ya ga wannan ya isa hujja. Wani lokaci ya ga mutumin da ya ce madalla alhali ya san bokitin yana nan, ai ya gama yin ƙaryar, furta ta ne kawai bai yi ba. Ko ta ina ya ɓullo, a wuri ɗaya yake tsayawa: tana cin abinci. Sai ya bar maganar nan.

Da zafi ya fara shigowa ya lura da wasu abubuwa. Babbar tukunyarsu ta koma gidan maƙwabciya. Zannuwanta masu launi suka ragu a igiya, ya ga ɗaya a jikin matar mai shago. Wata yamma ta kira shi ta nuna masa yadda ake gyara lagwanin risho, da gwangwanin da take ajiye allura da maɓalli.

"Me ya kawo wannan karatu?"

"Namiji ya kamata ya iya ɗinke maɓallinsa."

"Ke fa?"

"Ni ma ai ba ƙarfe ba ce."

Suna cin abinci, ba ta dube shi ba, ta ce, "Baban Tilo, in mataji yana isa, mutum ma zai isa ko?"

Ya ajiye cokali. "Ya isa ina?"

"Tambaya ce kawai." Ta tattara ƙwayar shinkafa a gefen faranti da yatsa. "Na gan ta a mafarki. Ta ce kaya suna zuwa, ta gode. Amma babu mai yi mata kitso. Kanta duk ya cukurkuɗe. Ka san ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ni."

Muryarta ba ta rawa. Haka take magana in tana cewa gishiri ya ƙare. Ya zauna yana kallon hannunta, yana jira gabansa ya faɗi. Bai faɗi ba. Ya dai gane, kamar yadda yake gane inji zai tsaya tun kafin ya tsaya.

Washegari da ya tashi aiki bai nufi gida ba, ya nemi ɗakin Goggo. Ɗaki ne guda a bayan wani shagon gyaran keke. A kusurwa akwai farar tasa cike da ruwa, da madubai ƙanana jere a bango, da fankar da ba ta aiki an rataye ɗankwali a kanta. Goggo na zaune a kan gado tana shafa man zafi a gwiwa.

"Sannu da gida, Goggo. Ni ne mijin..."

"Na san ka. Kai ne ɓarawon turarenmu. Zauna, ɗana, kujerar ba ta cizo."

Ya zauna. Ya yi shirin doguwar magana a hanya, sai ga shi ta yanke masa rabi.

"Kin san da ragar ke nan."

"Ka ɗauka jiya aka haife ni? Kafin a gina ragarku kan yashi kayan ke tsayawa, can ƙasa, masu wanki suna tsinta. Uwa ba ta buƙatar kwalba. Me za ta yi da kwalba? Ƙamshin take ɗauka, da zuciyar da ta aiko. Sauran naku ne, ku da wannan tsohon mai barci."

"To ki faɗa mata haka."

"In faɗa mata?" Ta rufe kwalbar man. "Matarka ba ƙamshi take aikawa ba. Mataji take aikawa, tana so ya shiga gashin 'yarta. Kuma in na faɗa wa ɗaya, na faɗa wa duka. Akwai wadda mijinta ruwa ya ci, akwai wadda 'ya'ya biyu ne rana ɗaya. Da ƙwaryar nan suke tashi da safe."

"Goggo, ruwa za ta shiga."

A waje mai gyaran keke yana buga ƙarfe.

"Na gani a idonta," ta ce. "Na hana ta. Na ce Uwa ba ta son baƙon da bai jira kira ba, wanda ya kai kansa a ƙofa ake barinsa. Ta ce min to. Ka san irin to ɗin."

"Na sani."

"Ni na ba ta abin da ya tashe ta daga kwance. Ban san za ta miƙe ta wuce ni ba. Hannun da ya bayar kuwa ba zai iya karɓewa ba, ba za ta yarda da ni ba, cewa za ta yi tsoro nake ba ta." Ta miƙe ƙafa da ƙyar. "Kai ke kwana ɗaki ɗaya da ita. Kai kuma ke da kayan."

"Ban ce miki na ajiye ba."

"Da ka zubar ba ka zo nan ba."

A hanyar gida ya bi ta kan gada. Ya tsaya ya leƙa. Ruwan yana tafiya kamar kullum, launin shayi da madara. Ya auna abin ta kowane gefe. In ya yi shiru, wata safiya zai tashi ba ta ɗaki. In ya nuna mata, ya ƙwace mata abu ɗaya tak da ke sa ta ɗora tukunya, kuma ba shi da wani da zai ba ta a madadinsa. Mai yiwuwa ta koma ta juya fuska bango har ta mutu a hankali, shi yana kallo, yana cewa ai ya cece ta. Bai ga wanda ya fi ba. Ya ga dai ɗaya yana da gobe, ɗaya ba shi da ita.

Ya jira ranar da ta je matakala ta dawo.

"An karɓa," ta ce.

Bai ce madalla ba. "Gobe ki raka ni wurin aiki."

"In yi me?"

"Akwai abin da zan nuna miki."

Ta ɗan dube shi. Tunda suka yi aure ba ta taɓa shiga ma'aikatar ba. Ta ce to.

Sarkin Barci ya buɗe musu ƙofa yana washe baki. "Lale, lale! Yau uwargida da kanta? Manjagara, ashe kana da mata haka kake yawo da wannan takalmi?" Sai idonsa ya sauka kan fararen kayanta, murmushin ya tsaya a rabi. Ya ja baya ya ba su hanya, bai biyo su ba.

Manjagara ya kife mata bokiti a gefen dakali ta zauna. Injin yana gunji a bayansu. Ya zura manjagara ya fara aiki kamar ba ta nan. Kainuwa. Leda. Wani tsohon tabarau. Ƙwarya ta fara fitowa, ba tata ba. Ta miƙe tsaye. Ta biyu ma ba tata ba. Ta uku ta zo a kife, ƙullin ya saƙale a tsakanin ƙarafa, ƙyallen ja mai ratsin rawaya yana lilo a ruwa. Ya jawo shi a hankali ya ajiye a gabanta.

Ta tsuguna ta kwance. Man kitso ne da ƙaramin mataji. Ruwa ya shiga kwalbar.

Ya shiga sito ya ɗauko bokitin fenti ya ajiye kusa da ita, ya cire murfin. Warin danshi ya taso. Ta riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan siminti, ba ta kwance ko ɗaya ba. Wasu sun yi baƙi. Da ta kai ƙasan bokitin ta leƙa ciki, ta ga babu saura.

"Duka ne?"

"Duka ne."

"Ko ɗaya bai wuce ba?"

"Ban ga alama ba."

"Kana cewa madalla."

"Ina cewa."

Ba ta yi kuka ba. Ta goge hannu a zaninta, ta matso bakin dakali ta dubi ragar, yadda ruwa ke kutsawa tsakanin ƙarafan yana barin komai a baya.

"Duk abin da ruwa ya ɗauka nan yake zuwa?"

Ya jingine manjagara a kafaɗa.

"Ita ba ta zo ba," ta ce. "Da ta zo da ka gan ta."

"Ba ta zo ba."

"To ka gani. An riƙe ta. Ita an karɓe ta." Ta juyo ta dubi ƙullayen da ta jera. "Nawa ne ba a so."

Ya san amsar wannan. Ragar ba ta tare kogin duka. Abin da aka saka daga matakala yakan bi gefe, inji ya zuƙo shi. Abin da ya faɗa a tsakiya, inda jirgin ya kife, wucewa yake yi can ƙasa, inda ba wanda ya san iyakarsa. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya ga in ya faɗa, abu biyu ya yi mata a numfashi ɗaya: ya raba ta da gidan da ta ajiye 'yarta, ya kuma koya mata ta inda ake wuce raga. Ya haɗiye. Ya ƙara wannan a kan abin da zai ɗauka shi kaɗai.

"Ni ma in na shiga," ta ce, "nan zan zo?"

"Daga matakala, nan za ki zo."

"Wa zai jawo ni?"

"Ni ne a bakin aiki da safe."

Ta dubi manjagarar da ke hannunsa, tun daga ƙota har haƙoran. Ta daɗe tana kallo.

"Ba ka da mai canjinka?"

"Babu."

Ta sunkuya ta riƙa kwance ƙyallayen masu launi daga bakin ƙullayen, su kaɗai. Wanda ya ƙi kwantuwa ta sa haƙori. Ta dunƙule su a hannu, ta bar sauran a kan siminti.

"Ka ba wa tsohon," ta ce. "Akwai turare mai kyau a ciki."

Ta wuce. Ya ji Sarkin Barci yana buɗe mata ƙofa, yana cewa a sauka lafiya. Ya tsaya yana sauraron ko za ta yi dama, wajen gada, ko hagu, wajen gida. Ƙarar injin ta hana shi jin komai. Ragar kuma ta riga ta fara cika, in ya bar ta inji zai shaƙe, gari ya rasa ruwa. Ya zura manjagara.

Da ya tashi ya taka zuwa gida, bai yi sauri ba, bai kuma yi nawa ba. Ƙofar a sakaye take. Ya tura.

Tana zaune a bakin gado, hannuwanta a cinya. Ba ta kunna fitila ba, ba ta share ɗaki ba, murhu a sanyaye. Ta ɗago ta dube shi kamar yadda ake duban wanda ya shigo motar haya, ta mayar da kai.

"Sannu da gida," ya ce.

"Yauwa."

Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya wanke hannu, ya auna shinkafa, ya ɗora. Ta yi ruwa da yawa, ƙasan kuma ya kama. Ya zuba a faranti ɗaya ya kawo, ya ajiye tsakaninsu, ya sa mata cokali ta gefenta. Ya fara ci. Bai ce ta ci ba.

Ya kusa rabi sa'ad da ta ce, "Ba ka sa gishiri ba."

"Na manta."

Ta ɗauki cokalin.